Shin Turawa dama can ba su taɓa hukunta luwaɗi ba? Kuma me dokar Nijar ta ce?

"Salamu alaikum Metir. Ni ɗalibi ne a jami'a nan Damagaram, gidanmu a Birni yake. Jiya da dare gardama ta kaure a fadarmu kan maganar ƴan luwaɗi da maɗigo, don mun ji a radiyo Burkina ta yi dokar ɗaure su, Mali ma haka, alhali wata ƙasa can Asiya har aure ta halatta musu. Wani abokinmu ya ce Turawa dama tun fil'azal haka suke, ba su taɓa hana abin ba, yanzu ne suke so su ƙaƙaba mana. Wani ya ce ba haka ba ne. Don Allah tunda kai doka ka karanta, yaya tarihin abin yake, kuma mu nan Nijar me dokarmu ta ce?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka biyu ce a haɗe, ta farko ko gaskiya ne Turawa ba su taɓa hukunta wannan abu ba, ta biyu ina dokar ƙasarmu ta tsaya. Zan ba ka amsa ne a matsayina na abuka, wato lauya, da ya daɗe yana shiga kotu yana fita, fatawa kam ba fagena ba ne, wannan na malamai ne. Kuma na ji daɗi da ka tambaya, don nan garin in aka taɓo maganar yawanci sai dai tsaki da a'uzubillahi a wuce, ba mai tsayawa ya bi diddigi, alhali akwai rayukan mutane a ciki, wasu ƴaƴan maƙwabtanmu ne.

Abokinka na farko bai faɗi daidai ba. Turai ta kashe mutane a kan wannan abu ɗaruruwan shekaru, ta ɗaure wasu dubbai, kuma canjin da kuke ji yau sabo ne ƙwarai, mafi yawansa bai wuce shekara 60 ba.

Lokacin da Ingila ke rataye mutane

A 1533 Sarki Henry na 8 na Ingila ya yi doka cewa duk wanda aka kama da luwaɗi rataya ce hukuncinsa. Aka yi ta aiki da ita har 1835, shekarar da aka rataye wasu talakawa biyu a Landan, James Pratt da John Smith, su ne na ƙarshe. Sai 1861 aka cire kisan aka maye shi da ɗauri mai tsawo, sannan a 1885 aka ƙara faɗaɗa dokar ta yadda ko ba a kai ga aikatawa ba, duk wata mu'amala ta sha'awa tsakanin maza biyu ko a cikin ɗaki ne laifi ce. Da ita aka ɗaure marubucin nan Oscar Wilde shekara 2 da aiki mai tsanani a 1895.

Wanda labarinsa ya fi taɓa min zuciya shi ne Alan Turing, masanin lissafi, yana cikin waɗanda suka warware saƙonnin sirri na sojojin Jamus a yaƙin duniya na biyu, kuma yana cikin waɗanda suka aza harsashin kwamfutar da kake aiki da ita yau. A 1952 aka yi masa sata a gida, ya kai ƙara wajen ƴan sanda, cikin bincike suka gano yana tare da wani saurayi, sai mai ƙara ya koma wanda ake tuhuma. Kotu ta ce ya zaɓa, ko kaso ko allurar da za ta kashe masa sha'awa, ya zaɓi allura, ta canza masa jiki, aka raba shi da aikin sirri na gwamnati. A 1954 aka tarar da gawarsa yana da shekara 41, binciken hukuma ya ce shi ya kashe kansa. Sai 2013 Sarauniya ta yi masa afuwa, yanzu hotonsa ne a jikin takardar fam 50. Ka riƙe wannan labari na mai ƙara da ya koma abin tuhuma, don shi ne ke maimaituwa a duk ƙasar da ke da irin wannan doka.

Jamus ma tana da tata, sashe na 175 na kundin 1871. A can ne aka fara kafa ƙungiyar neman a soke irin wannan doka, wani likita Magnus Hirschfeld ya kafa ta a Berlin a 1897. Da Hitler ya hau mulki a 1933 mutanensa suka wawushe cibiyar likitan suka ƙone littattafanta a tsakiyar gari, a 1935 suka tsananta dokar, aka yanke wa maza kusan 50,000 hukunci, dubbai aka kai su sansanonin azaba da alamar ƙyalle ruwan hoda a ƙirji. Bayan yaƙi Jamus ta Yamma ta ci gaba da aiki da dokar, ba a goge sashen kwata-kwata ba sai 1994.

Faransa ce ta bi wata hanya daban. Bayan juyin juya hali, kundin hukunci na 1791 ya fitar da luwaɗi daga jerin laifuka tare da sihiri da saɓo, kundin Napoleon na 1810 ma bai mayar da shi ba. Ba don Faransawa sun so abin ba ne, ƴan sandansu sun ci gaba da farautar mutane da sunan rashin ɗa'a a bainar jama'a. Tunanin masu rubuta dokar shi ne, kotun gwamnati aikinta abin da aka cuci wani, abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa kuma ba nata ba ne. Ƙasashe da dama suka kwafi wannan kundi, har Daular Usmaniyya ta yi sabon nata a 1858 a kan tsarin na Faransa, kuma Turkiyya ta yau ba ta da dokar ɗaure mutum kan wannan.

Dalilin da ya sa Zinder da Kano suka bambanta

Nan ne abin ya zo gida. A 1860 Turawan Ingila suka rubuta wa Indiya kundin hukunci, suka sa sashe na 377, daga nan irinsa ya bi su duk inda suka kafa tuta, Singafo, Malesiya, Kenya, Uganda, Sudan. Kundin Arewacin Najeriya da ya fara aiki a 1960 daga na Sudan aka ɗauko shi, na Sudan kuma daga na Indiya, shi ya sa ka tarar da ɗaurin shekara 14 a ciki. Mu kuma da Faransa ta kama Damagaram a 1899, kundinta muka gada. Kenan Bahaushe ɗaya, addini ɗaya, mazhaba ɗaya, amma in ka tsallaka Maimujiya doka ta canza, kuma ba malamanmu suka raba ta haka ba, Landan da Paris ne. A ƙasashe sama da 60 da har yau ke hukunta wannan abu a duniya, kusan rabi Ingila ce ta mulke su.

Kada ka fahimce ni ba daidai ba, ban ce kafin Turawa Hausawa sun yarda da abin ba. Fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu ke aiki da shi ya haramta shi da hukunci mai tsanani. Amma fiƙihun nan ya sa sharaɗi mai wuyar cikawa, shaidu huɗu adalai da suka gani da ido ko mutum ya yi iƙirari da bakinsa, Alƙur'ani ya hana bin diddigin sirrin mutane a Suratul Hujurat, ya sa bulala 80 ga mai ƙazafin zina ba shaida a Suratun Nur. Kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ƴan daudu, suna tuyar kaji da sayar da abinci a tasha, suna hidima a gidan biki, ana musu wa'azi, ana musu dariya, amma suna zaune cikin gari, kuma ba kowane ɗan daudu ke neman maza ba. Kamen mutum a kai shi komisariya a buɗe masa dosiye, wannan tsari ne da ya zo da mulkin mallaka.

Abin da ya juya lamarin

Ba abu ɗaya ba ne. Na farko gardamar masana doka ce. A 1957 wani kwamiti da gwamnatin Ingila ta kafa ƙarƙashin John Wolfenden ya ce akwai fagen rayuwar mutum ta cikin ɗaki da ba hurumin doka ba ne, kuma sun lura dokar ba ta hana komi ba sai dai ta zama jarin masu karɓar kuɗin rufin asiri. Shekara 10 aka yi ana jayayya kafin majalisa ta soke laifin a 1967, shi ma ga waɗanda suka kai shekara 21 kawai, a Ingila da Wales.

Na biyu mutanen da abin ya shafa suka daina ɓuya. Daren 28 ga Yuni 1969 ƴan sanda suka kai samame wata mashaya mai suna Stonewall a New York kamar yadda suka saba, a wannan karon mutanen ciki suka ƙi tafiya, aka kwana ana artabu, aka sake fitowa kwanakin da suka biyo. Shekarar da ta zagayo aka yi jerin gwano na tunawa, shi ne asalin bikin da kake gani a tele kowane watan Yuni. A ganina wannan shi ya fi komi tasiri a kan jama'a, don da mutum ya gane wanda ake magana a kai ƙanensa ne ko abokin aikinsa, da wuya ya ci gaba da cewa a ɗaure shi.

Sai likitoci. Da can suna ɗaukar abin a matsayin taɓin hankali, ana jona wa mutane lantarki da sunan magani, ba wanda ya canza. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire shi daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi a ranar 17 ga Mayu 1990. Cutar sida da ta ɓulla a 1981 ita ma ta yi nata, ta kashe dubban samari a Amurka da Turai, aka ga mutum ya yi shekara da shekaru da abokin zamansa yana jinyarsa amma ranar mutuwa asibiti ta hana shi shiga, dangi su zo su kwashe kayan gida su kore shi. Maganar aure daga nan ta samo ƙarfi, gado da jinya da inshora ne a gaba kafin biki.

Kotuna kuma suka shigo. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai a 1981 a ƙarar wani mutumin Ireland ta Arewa mai suna Dudgeon, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya a 1994 a ƙarar Toonen daga Ostareliya, duk sun ce ɗaure baligai kan abin da suka yi cikin sirri da yardarsu keta haƙƙi ne. Amurka da ake ganin ita ce uwa a wannan harka, sai 2003 kotun ƙolinta ta soke dokokin luwaɗi da suka rage a jihohi irin su Texas. Indiya kuwa gaba da baya aka yi, kotun Delhi ta soke sashe na 377 a 2009, kotun ƙoli ta dawo da shi a 2013, sannan ta soke da kanta a Satumba 2018.

Aure shi ne na baya-bayan nan. Denmark ta fara rajistar zaman tare a 1989, Holland ta fara ɗaura aure a 2001, Beljiyam 2003, Sifen da Kanada 2005, Ajantina 2010, Faransa 2013 bayan zanga-zangar adawa ta dubban ɗaruruwan mutane a Paris, Amurka 2015, Taiwan 2019. Wadda kuka ji a radiyo Tailan ce, Janairu 2025. Duka-duka ba su kai ƙasa 40 ba cikin kusan 200.

Abin da nake so ka kai wa fadarku shi ne matakan nan daban-daban ne. Daina kisa daban, daina ɗauri daban, hana a kori mutum daga aiki ko gidan haya daban, aure daban. Ƙasashe kusan 90 ba sa ɗaure kowa kan wannan kuma ba su yarda da auren ba, Japan da Sin da Kodebuwa duk haka suke. Mu nan da an ce uffan sai a ce auren jinsi ake so a kawo, sai magana ta mutu kafin a fara ta.

Afirka, wasu na gaba wasu na baya

Afirka ta Kudu ce ƙasa ta farko a duniya da ta rubuta cikin tsarin mulkinta cewa ba a nuna wa mutum bambanci kan wannan, tsarin 1996 na zamanin Mandela, ta halatta aure a 2006. Kuma ba Bature ya kawo musu ba, akwai irin su Simon Nkoli, baƙin mutum da aka tsare tare da ƴan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata, ya faɗa musu ko shi wane ne a cikin kurkuku. Duk da haka har yau ana kashe mata ƴan maɗigo a unguwannin talakawa na ƙasar, doka ta yi gaba, jama'a ba su bi ta ba tukuna. Mozambik ta soke laifin a 2015, Seshel 2016, Botswana ta hanyar kotu a 2019, Angola 2021, Morishus 2023, Namibiya 2024.

A ɗaya ɓangaren kuma, jihohi 12 na Arewacin Najeriya sun kafa shari'a daga shekarar 2000, Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar Janairu 2014 mai ɗaurin shekara 14 kan aure da shekara 10 kan kafa ƙungiya ko taimaka mata. Uganda ta yi dokar 2023 mai hukuncin kisa a wasu halaye, ƙasar da aka kashe David Kato, mai fafutukar kare haƙƙin irin waɗannan mutane, da guduma a gidansa a 2011 bayan wata jarida ta buga hotonsa. Cadi ta sa hukunci a 2017, Mali a ƙarshen 2024, Burkina a Satumba 2025 da ɗaurin shekara 2 zuwa 5, kuma ukun nan da ba su da dokar. Rasha ma tun 2013 take tsanantawa.

Me ya sa yanzu? Addini yana ciki, ba shakka. Amma ni ina ganin siyasa ta fi yawa. Tun da ƙasashen Yamma suka fara haɗa maganar da tallafi da barazanar yanke kuɗi, abin ya koma ma'aunin ƴancin kai, duk shugaban da ke son tafi sai ya yi wannan doka, ba ta cin kuɗin baitulmali ko dala, ba kamar gina aji ko haƙa rijiya ba. Turawan sun yi kuskure babba a nan, kuma waɗanda suka sha wuyar kuskuren talakawan Afirka ne da ba su taɓa shiga ofishin jakadanci ba.

Nijar

Kundin hukuncinmu na 1961 bai sa abin da baligai biyu suka yi cikin sirri a jerin laifuka ba. Abin da ke ciki shi ne sashe na 282, wanda ya aikata da jinsinsa ɗan ƙasa da shekara 21, ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 da tarar jika 10 zuwa jika 100. Shi ma wannan sashe gadon Faransa ne, gwamnatin Petain ce ta ƙirƙiro shi a 1942 lokacin mamayar Jamus, Faransa ta soke nata a 1982 mu muka riƙe. Sama da shekara 60 haka muka zauna. A farkon 2023 Bazoum ya ce za a sa hukunci cikin kundin da ake gyarawa, aka yi juyin mulki 26 ga Yuli kafin a kammala, sannan dokar sake fasalin ƙasa da Janar Tiani ya sa wa hannu a Maris 2025 ta faɗa ƙarara cewa abin haramtacce ne kuma doka za ta hukunta. Saboda haka kada kowa ya dogara da tsohon kundi, alƙibla ta canza.

Bari in faɗa maka abin da ke zuwa ofishina, don ba aure ba ne, ban taɓa ganin wanda ya zo neman a ɗaura masa aure da namiji ba. Wani dattijo ya taɓa shigowa bayan la'asar, ya zauna ya kasa magana, sai ya ciro wayar ɗansa daga aljihun gaba a naɗe cikin leda ya aje min a tebur, hannunsa na rawa. Wasu samari sun yaudari yaron ta WhatsApp, suka kira shi wani kango bayan gari, suka yi masa duka, suka tuɓe shi suka ɗauki bidiyo, tun daga ranar suke karɓar kuɗi duk ƙarshen wata, har yaron ya sayar da babur ɗin da yake kabu-kabu da shi. Uban bai tambaye ni ko ɗansa ya yi ko bai yi ba, ya ce min kawai, Metir, yaron nan ya daina cin abinci, ina tsoron kada in wayi gari in tarar da shi a rataye. Abin da aka yi wa yaron fashi ne da duka da cin amana, laifuka ne manya a kundinmu, amma ya ƙi kai ƙara don ya san da ya buɗe baki shi za a juya wa. Wannan tun kafin a tsananta kenan. Ma'aikatan lafiya ma za su faɗa maka, mai tsoron kamu ba ya zuwa gwajin sida, ba ya karɓar magani, kuma da yawansu suna da mata a gida.

Ra'ayina a fili yake. Musulmi na da damar ya riƙe abin da addininsa ya ce, ba wanda zai tilasta wa limami ya ɗaura auren da bai yarda da shi ba, ko a Faransa ba a tilasta wa. Amma ban ga alherin da kaso ya kawo a wannan fage ba a duk tarihin da na zayyano maka, kuma dukan mutum a titi, ko watsa bidiyonsa, ko jifansa da zargi ba shaida, ba dokar ƙasa da ta yarda da shi, ba shari'a. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Tarayyar Afirka ma, tamu ta Afirka, a taronta na Luwanda a 2014 ta zartar da ƙuduri mai lamba 275 cewa wajibi ne gwamnatoci su kare irin waɗannan mutane daga duka da kisa da kamun zalunci.

Iyakata ita ce wannan, bayani ne na gaba ɗaya na yi maka, ba shawarar shari'a kan wani mutum ba, kuma dokokin yankinmu suna canzawa da sauri a ƴan shekarun nan. Wanda ke da matsala ta gaske, ko an kama ɗan'uwansa ko ana tatsarsa da barazana, ya nemi abuka ya zauna da shi ido da ido kafin ya sa hannu a kowace takarda a komisariya, sirrin da ya faɗa wa abuka doka ta hana a fitar da shi. Kada ya goge saƙonnin masu barazanar ko rasit ɗin kuɗin da ya tura musu, su ne hujjarsa. In kuma bidiyon wani ya shigo gurup ɗinku, kada ka tura shi gaba, mai turawa ma ana iya gurfanar da shi ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2019.